Gargaɗi ga masu neman hedfon ɗin gem: a kula da shafukan nan

Salamu alaikum 'yan uwa masu buga gem. Don Allah duk wanda ya ga wannan ya tura ma abokansa, saboda abin ya fara yawa wallahi.

Akwai wasu shafuka a Instagram da Facebook da TikTok da suke tallar hedfon ɗin gem, za ka ga bidiyo mai kyau ana buɗe kwali, HyperX ne ko Razer ko Logitech ko SteelSeries, a ce maka orijinal ne amma kuɗin bai kai rabin na gaskiya ba, wai ragowar kaya ne suke so su karyar. Kana yin magana sai a ce saura guda biyu, ka tura kuɗi yanzu kafin wani ya riga ka. In ka tura, ko dai a toshe ka nan take ko kuma a aiko maka jabu. Wani abokina jabun aka aiko masa, kuma na riƙe abin da hannuna: ba nauyi ko kaɗan, wurin da ya kamata ya zama ƙarfe roba ce aka shafa mata fenti, soson kunnen har ya fara ɓarewa, in ya yi magana a mak ɗin, wato makirufo, kamar daga cikin rijiya yake. Da ya koma yin ƙorafi shafin ya canza suna.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ƙaryar tasu a fili take, kawai dai ba kowa ya san yadda kayan suke aiki ba. Misali za su rubuta 7.1, wato sautin da kake ji kamar daga kowane ɓangare yake zuwa, da manyan baƙi a kan hedfon ɗin da igiyarsa ɗaya ce tal mai bakin 3.5mm. Wannan bakin sauti biyu kawai yake ɗauka, hagu da dama. Shi 7.1 ɗin da ake ji a yawancin hedfon manhaja ce take kwaikwayonsa, ko wata 'yar na'ura ta USB, kamar wadda take zuwa a kwalin HyperX Cloud II. Wani jabun ma za ka ga yana da USB ka ɗauka shi ne, ashe wutar ado kawai yake kunnawa, babu sautin da yake bi ta nan.

Sai maganar mara waya, a nan aka fi cin mutane. Su ce maka Bluetooth ne kuma yana yi a PS5 da Xbox da komai da komai. PS5 ba ta haɗuwa da hedfon ɗin Bluetooth kai tsaye, Xbox ma haka, ita Xbox tsarinta daban ne sai wanda aka yi dominta. Hedfon ɗin gem mara waya na ƙwarai yawanci da ɗan tsinken USB yake zuwa, wanda ake jonawa a jikin na'urar gem ɗin ya haɗa ta da hedfon ɗin, mai aiki a 2.4GHz, saboda Bluetooth yana da jinkiri, a PUBG ko Call of Duty sai an harbe ka sannan ƙarar takun ta iso kunnenka. To duk mai sayarwan da ka tambaye shi ina tsinken ya fara kame-kame, ka rabu da shi.

Kafin ka biya ka ce ya ɗauko maka bidiyon kayan a hannunsa, ya rubuta sunanka a takarda ya ajiye a gefe, ya nuna lambar siriyal ta jikin kwali da ta jikin hedfon ɗin ka ga ko sun zo ɗaya. Mai gaskiya ba zai ji haushin wannan ba. Ka duba bayanan shafin, Facebook da Instagram duk suna nuna lokacin da aka buɗe shi da ko an taɓa canza masa suna. In an rufe wurin kwament ma alama ce. Kuma sunan asusun da za ka tura kuɗi in ya saɓa da na mai shafin, tsaya tukuna.

In kayan sun iso kuma na USB ne, ka jona a kwamfuta ka buɗe manhajar kamfanin, G HUB ta Logitech ko Synapse ta Razer, ka ga ko za ta gane shi, ka gwada mak ɗin da kunne biyun tun ɗan aiken bai tafi ba. Ni a ganina in kuɗinka bai kai na manyan nan ba, gara ka sayi ƙaramin hedfon mai waya na gaskiya a inda za su karɓa in ya samu matsala. Wanda kuma aka riga aka cuta ya adana hoton hirar da shaidar biya, ya sanar da bankinsa da wuri, ya kai ƙarar shafin mu ma mu taya shi har a sauke shi.