Saitin littattafan 'ya'yan dodanni a sakandare: na ɗaya kawai ya ci kuɗinsa

Jama'a sai na yi magana a kan saitin nan mai littafi uku da ake ta tallarsa, na 'ya'yan dodanni da iyayensu suka saka su makarantar mutane suna ɓoye asalinsu. Ƙanwata mai shekara 14 na saya wa don ta rage danne-dannen waya. Da ya iso na ce bari in leƙa ko akwai abin da bai dace yarinya ta gani ba, leƙawar nan ce ta sa na riga ta gamawa tana bina tana "Yaya don Allah ki ba ni mana". Ta wannan ɓangaren dai babu matsala, soyayyar ba ta wuce kallo da 'yar wasiƙa ba.

Yara uku ne a labarin. Akwai yarinya 'yar gidan masu shan jini, akwai yaron da ke rikiɗa ya koma kerkeci duk daren da wata ya cika, sai wata mai gashin macizai irin Medusa ta tatsuniyar Girkawa wadda kallonta ke mai da mutum dutse, kullum kanta a naɗe da baƙin tabarau a ido, ta ce wa malamai ciwon ido take. Na ga masu ƙorafi wai ta yaya mai shan jini za ta je aji da rana tsaka ba ta ƙone ba. Ku yi haƙuri, wannan ba laifin marubuciyar ba ne. Dracula, mai shan jinin nan na littafin Bram Stoker da ya fito a 1897, yana yawonsa da rana a Landan, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa, fim ɗin Jamus na 1922 mai suna Nosferatu shi ya yaɗa zancen rana na kashe su. Ita yarinyar nan jiri kawai take yi ta kasa wasan motsa jiki, shi kenan.

Amma abin da ya kawo ni shi ne babin ranar ɗaukar hoto. Wallahi ban zaci littafin yara zai yi min haka ba. Yarinyar nan mai shan jini ba ta fitowa a madubi, don haka a gidansu babu madubi ko ɗaya, kuma uwarta ta hana ta kusantar kyamara tun tana ƙarama don tsoron tonon asiri. Shekara 15 ba ta taɓa ganin fuskarta ba, da lalube take gyara gashi, idan wani abu ya maƙale mata a haƙori sai dai a yi mata dariya ta gane. Ran hoto ta yi duk dabarar guduwa, malama ta kamo ta a bayan ɗakin karatu ta zaunar da ita a kujera. Mai hoton da babbar kyamarar nan yake aiki, irin wadda ake kanga ido a leƙa, kuma irinta akwai ɗan madubi a ciki da ke turo hoton zuwa idon mai ɗauka. Ya leƙa, kujera babu kowa. Ya ɗago kai, ga yarinya zaune ta damƙe gefen siket ɗinta. Ya sake leƙawa, wayam. Bawan Allah ya goge gilashi da bakin riga, ya yi tsaki, layi ya yi tsawo yara na hayaniya, sai kawai ya danna. To a irin kyamarar nan idan aka danna madubin ɗagewa yake yi haske ya wuce kai tsaye, sai ga ta ta fito ras a ɗan allon baya. Ya juyo mata shi ya ce "ya yi miki?" ita kuwa ta tsaya tana neman wace ce wannan mai tabo a gira, sai da ta kai hannu ta taɓa nata tabon. Daga nan ta ce ashe da babanta take kama ba da uwarta ba kamar yadda ake ta gaya mata. Ni dai a nan na ajiye littafin na share hawaye, ba ƙarya. Marubuciyar ba ta tsaya yi mana wa'azi a kan son kai ko karɓar halitta ba, ta bar yarinya da hotonta a aljihu tana fito da shi a ɓoye har kusurwarsa ta tauye. Da a ce a nan aka tsaya taurari biyar zan bayar har in ƙara da addu'a.

Shi ma ɗan kerkecin an yi masa dabara mai kyau a na ɗaya, malamin lissafi ne ya lura a rajista cewa fashin yaron na zuwa duk bayan kwana 29 ko 30, wanda daidai ne don wata yana cika duk kwana 29 da rabi. Amma a na biyu sai ga wata ya cika daren gasar ƙwallo ya sake cika daren walimar makaranta, alhali littafin da kansa ya ce mako biyu ne tsakani. Haba! Ke da kika gina babi guda a kan lissafin nan? Tun daga nan na fara jin an canza hannu ko kuma sauri ake a kai wa maɗaba'a. Mai macizan kuwa, wadda ta fi kowa ban dariya, macizanta na satar amsa a jarabawa, an mai da ita 'yar kai saƙo tsakanin masoya, rabin littafin ya tafi a kan waye ke son wa.

Na uku ne ya ƙona min rai gaba ɗaya, wanda bai karanta ba ya tsallake nan. Wai ashe akwai magani. Wani tsohon likita ya ɓullo daga sama a babi uku na ƙarshe da 'yar kwalba, kowa ya kurɓa ya zama mutum, aka yi biki aka tashi. To wahalar da muka sha da su fa? Ƙawar mai shan jinin nan 'yar mutane da ta gano asirin ta yi kwana da kwanaki tana tsoro kafin ta dawo ta zauna kusa da ita a aji, me ya amfana? Yarinyar da aka nuna mana ta koyi son fuskarta da haƙoranta masu tsini, ƙarshe an kankare haƙoran an ce yanzu ta yi daidai. Yaro mai in'ina ko zabiya ko wanda ake tsokana a aji da ya ga kansa a cikinta, shi ina tasa kwalbar? Ƙanwata ta ce ita ƙarshen ya yi mata daɗi don ba wanda ya mutu, mun yi musu sosai ban iya juya ta ba, wataƙila shekaru ne.

Kuma tunda an zo nan, ɗinkin littafin ma ba a yi shi don Allah ba. Gam ne kawai aka shafa, na biyu tun karatun farko shafukan tsakiya suka fara zubowa, bangon na uku ya naɗe kamar an jiƙa shi. Na tura wa mai sayarwa hoto ya buɗe saƙon ya yi gum. Da na fara rubutun nan taurari huɗu na yi niyya saboda babin hoton, yanzu da na tuno kwalbar nan biyu zan bayar. In ana sayar da na ɗaya shi kaɗai ku saya, labarinsa ya rufe da kansa, sauran biyun ku ara wajen wanda ya riga ya yi asara irina.