Fokalif, tarakta ko cen-bulok: wanne ya dace da injin katako na ƙauye?

Alhaji, na ga tambayarka. Ka ce ka kafa injin tsaga katako a wajen Ringim, yara na shan wahalar mirgina gumagumai da hannu, ga shi an yi maka tayin tsohon fokalif (motar ɗaga kaya mai cokalin ƙarfe a gaba) mai tan 3, kana kuma tunanin ko ka ɗaura wa tarakta cokali a gaba. Ni dai da za ka ji tawa, kada ka biya kuɗin komai sai ka auna gungumen da ya fi girma a filinka, ka kuma dubi ƙasar da injin zai taka.

Ɗanyen gungumen maɗaci ko darbejiya mai faɗin santimita 60 da tsawon mita 4 yana kaiwa kusan tan ɗaya. Idan yawancin itacenka turare ne siriri, nauyin ya ragu sosai, lissafin ma ya sauya.

Fokalif injin daɓe ne. Tan 3 ɗin nan da aka rubuta a jikinsa, an auna shi ne a fili mai ƙwari, shimfiɗaɗɗe, kaya na zaune kusa da gindin cokali. Shi kansa injin ya haura tan 4, tayoyinsa ƙanana, cikinsa dab da ƙasa. A rairayin Jigawa zai tona wa kansa rami tun bai ɗauki komai ba, da damina kuwa sai an nemo abin da zai ja shi. Sannan gungume abu ne mai mirgina: in babu maƙalar da za ta danne shi ta sama, birki ɗaya ya isa ya sulluɓo kan ƙafar mutum. Inda fokalif ke da rana shi ne falankin da aka riga aka tsaga aka ɗaure, ana loda wa mota kullum a kan kankare. In ba ka kai nan ba, kuɗin daɓen kaɗai zai iya cinye ribarka, balle in famfon haidurolik ya lalace ka ga dole sai Kano.

Tarakta ba ruwanta da yashi. Irin su Massey Ferguson 375 da suka cika yankinmu, kusan kowane gari akwai bakaniken da ya san cikinsu, kayan gyara kuma ba su da wuyar samu. Ga huɗa da damina, ka ga tana mayar da kuɗin man da take sha. Amma cokalin gaba a irin wannan tarakta bai cika wuce tan ɗaya da ɗan wani abu ba, kuma duk nauyin kan gatarin gaba yake sauka. Dole a rataya mata nauyi a baya, direba ya riƙa tafiya da gungume ƙasa-ƙasa, don in ya ɗaga shi sama ya karya kwana, kifewa ce. Masu jan gungume da sarƙa kuma, don Allah a ɗaura a ƙarfen ja na ƙasa. Wanda ya ɗaura sama da gatarin baya, da gungumen ya maƙale a kututture tarakta za ta ɗaga gaba ta faɗo wa direba ta baya, cikin ƙiftawar ido. Jan yana da wata ɓarna ma: ɓawo na kwasar yashi da tsakuwa, zarto ya dakushe tun kafin azahar, ka wuni kana wasawa.

Akwai na uku da ba ka ambata ba, kuma shi na fi so maka. A kafa ginshiƙai na ƙarfe a zuba musu kankare, a gitta kwangiri a sama daidai bakin injin, a rataya cen-bulok, wato na'urar ɗaga kaya da ake jan sarƙarta da hannu, mai tan 2 ko 3 a kan ƴar taya mai gudu a jikin kwangirin. Yaro ɗaya na jan siririyar sarƙa, ka ji ƙar-ƙar-ƙar, gungume na tashi a hankali, sai a tura shi ya sauka kan gadon injin. Ba man gas, ba batir, maiko kawai. Aibinsa jinkiri, kuma iyakarsa tsawon kwangirin. Ba zai je ƙarshen fili ya ɗauko ba. Sama da ƙasa kaɗai aka yi shi ya ja, kada a ja da shi a karkace. A nemi mai walda da ya san aikin nauyi, ba mai ƙofa da taga ba, a kuma guji sarƙar da ta miƙe ko ƙugiyar da bakinta ya buɗe. Kada kowa ya tsaya ƙarƙashin kaya, ko na daƙiƙa ɗaya.

Motar Hiab kuwa, wato babbar mota mai hannun ɗaga kaya a jikinta, haya ake yi ranar da manyan gumagumai suka zo. Ƙarfinta na raguwa gwargwadon yadda hannun ya miƙa, kuma a yashi sai an sa katako mai kauri ƙarƙashin ƙafafunta.

Saboda haka, Alhaji, ka bar fokalif ɗin nan tukuna. Ka fara da cen-bulok a bakin injin, ka sa masu kawo itace su riƙa saukewa dab da shi a kan sanduna biyu da aka shimfiɗa, don gungume ya daina taɓa yashi. In kana da tarakta a gida, ta riƙa matso da na nesa. Ka turo mana faɗin babban gungumenka da tsawonsa, a lissafa maka kaurin kwangirin da zai ɗauka.