Sandunan Plumeria daga wajen mai fulawa

Mai fulawar da nake sayen dashe a wurinsa a sanda yake sayar da itacen fure mai suna Plumeria, ba ganye ba saiwa, tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba. Abin da ya sa na yarda da kayansa shi ne gindin da ya yanke: a bushe ƙayau, bakin ya rufe. Yakan ajiye su a inuwa mako ɗaya zuwa biyu kafin ya fito da su. Ɗanyen yanka mai zubar da farin ruwan nan, in aka binne shi ruɓewa yake yi tun bai yi saiwa ba. Ruwan kuma yana sa ƙaiƙayi, kada a bari ya shiga ido.

Iri uku na ɗauka: Obtusa, Rubra da Pudica. Ya ce in sa ƙasa mai yashi, in yi rowar ruwa sai ganye ya ɓullo, kuma maganarsa ta tabbata. Itacen asalinsa daga Meziko ne da tsakiyar nahiyar Amurka da tsibiran Karebiyan, danginsu ɗaya da itacen kariya, shi ma yana tara ruwa a jikinsa, rana ba ta damunsa.

Obtusa ce ta fi kwanta mini a rai. Ganyenta kore shar mai sheƙi, ba ta cika zubar da shi ba, furen fari tas da ɗigon rawaya a tsakiya. Ƙamshin sai dare ya yi yake tashi sosai, don malam-buɗe-littafin dare yake kira, alhali babu zaƙin komai a cikin furen. Rubra kuwa tana kaɗe ganye da rani ta tsaya tsirara, amma in ta fitar da jan furenta sai ka yafe mata.

Inda ban ji daɗi ba shi ne ta ukun. Pudica ce, tana fure ba ƙaƙƙautawa, amma ba ta da ƙamshi, kuma bai faɗa mini ba. Wanda ya zo neman ƙamshi ya cancanci a gaya masa. Haka kuma na ga garin cutar tsatsa mai launin ruwan lemo a bayan ganyen wasu iyayen itatuwansa. Cutar ba ta cika kashe itace ba, amma tana zubar da ganye, kuma iska na yaɗa ta. Duk mai zuwa saye ya juya ganyen uwar ya duba, ya kuma matsa sandar da yatsa: in ta lotsa, ya ajiye ya ɗauki wata.