Lauyan kamfanin taba da mai kama masa ƙafa

Mutum biyu ne ke cin abinci a jikin kamfanin sigari: lauyan da ke kare shi a kotu, da wanda ake biya ya yi kamun ƙafa wurin 'yan majalisa.

Na lauya da sauƙi. Ko mai kisan kai ana tsaya masa, kuma a bainar jama'a ake yi, ga alƙali ga abokin shari'a. Da lauyoyi aka yi sulhun 1998 a Amurka, inda kamfanonin taba suka amince su biya jihohi 46 kusan dala biliyan 206.

Mai kamun ƙafa fa? Nasa a ɗakin otal ne, ana kurɓar shayi, tun doka ba ta fito ba: a sassauta haraji, a rage girman gargaɗin da ke jikin kwali. Zai ce manoma da ma'aikata yake karewa, kuma ban raina hujjar ba. Sai dai yaron da zai yi fama da tari nan da shekara 20 ba ya wurin. Shi ya sa sashe na 5.3 na yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taba, wadda Nijeriya ta shiga a 2005, ya umarci gwamnatoci su hana kamfanonin tsoma baki cikin manufofin lafiya.