Shagon turi da fina-finan mutum-mutumi: kaya sun yi, mai fassara ne ba ya shiru

Shagon ɗan ƙarami ne, a bakin titin unguwarmu nan cikin Kano, tsakanin mai cajin waya da mai shayi. Kwamfuta biyu, benci ɗaya, sai igiyoyi iri-iri rataye a ƙusa. Sana'arsu tura fina-finai a waya ko memori ko fulash, kamar dai sauran 'yan turi. Abin da ya bambanta su shi ne sun ware wuri guda a kwamfutar sun tara fina-finan mutum-mutumi zalla, na Amurka da na Indiya, wasu da fassarar Hausa, wasu kuma yadda suka fito daga gidansu. Su na saya, kuma a kansu zan yi magana.

Ta ɓangaren ciniki ba ni da ƙorafi mai yawa. Naira ɗari biyu kowane fim, in ka ɗauka da yawa a yi maka ragi. Yaron da ke kan kwamfutar ya san kayansa, ba irin masu tura maka duk abin da hannunsu ya kai ba ne. Da na ce masa na mutum-mutumi nake so, sai ya ce, "Yaya, na duka kake so ko na tunani?" Na ce wanne ne na tunanin? Ya ce, "Wanda in ka gama za ka riƙa kallon wayarka da wani ido." Kafin ka tashi sai ya buɗe kowane fim a wayarka ka ga yana yi, kuma in kwafin na sinima ne, wato wanda aka ɗauka da kyamara a ɓoye, yana faɗa maka tun kafin ka biya. Inda suke da sakaci shi ne sunayen fina-finan. Kashi na biyu an rubuta masa na ɗaya, wani kuma lamba ce kawai babu suna, sai ka buɗe kafin ka san mene ne.

Matsalata tana ga fassarar, kuma fim ɗin da ya fi jin jiki shi ne The Terminator na 1984. Na karɓi kwafi biyu, mai fassara da marar fassara, don haka na ga bambancin ƙuru-ƙuru.

Duk wanda ya san fim ɗin ya san ƙarfinsa ba a kuɗi yake ba. James Cameron ya yi shi da dala miliyan shida da 'yan kai, abin da ko a wancan zamanin ba wani kuɗi ba ne a Hollywood. Labarin ma a miƙe yake: an turo na'ura mai siffar mutum daga shekarar 2029 zuwa Los Angeles ta 1984, ta kashe Sarah Connor kafin ta haifi ɗan da zai jagoranci mutane a yaƙinsu da na'urori. Abin tsoron shi ne wannan halitta ba ta fushi, ba ta cika baki, ba ta jin daɗin kisan ma. Arnold Schwarzenegger, wanda mu muka fi sani da Kwamando, shi ya fito a matsayin na'urar, kuma kalmomin da ya furta a duk fim ɗin ba su kai ɗari ba. Shirun nan shi ne makaminsa.

Duba wurin da ya je ofishin 'yan sanda. Ya tsaya gaban kanta ya ce yana son ganin Sarah. Ɗan sandan, ko ɗago kai bai yi sosai ba, ya ce ba yanzu ba, in yana so ya zauna a benci ya jira. Sai Arnold ya yi shiru, ya ɗaga kai a hankali, yana ƙare wa katakon kantar da gilashinta kallo, gefe zuwa gefe. Kai mai kallo ka san auna ƙarfin ginin yake yi, ɗan sandan ne kaɗai bai sani ba. Ya faɗi 'yar gajeriyar magana ya fita, ɗan sandan ya ci gaba da rubutunsa, can sai hasken fitilar mota ya haske masa fuska. A kwafin Hausa kuwa, tun daga lokacin da ya ɗaga kai mai fassara ya fara zuba: "Au, ni za ka ce wa in jira? To wallahi yau sai ka gane kurenka, ɗan rainin hankali!" Har motar ta shigo bai numfasa ba. Ya mayar da na'urar da ba ta san zuciya ba ɗan daba mai jin haushi. Yaran gidanmu sun yi ta dariya, kuma ban ga laifinsu ba, don abin dariya aka ba su. Amma Cameron ba don a yi dariya ya shirya wurin ba.

Ga kuma sauti. Duk lokacin da mai fassara zai yi magana sai an danne sautin asali, to tunda ba ya shiru, kiɗan Brad Fiedel, mai kama da ana bugun ƙarfe a maƙera, sai dai ka riƙa jin sa guntu-guntu. In akwai fim ɗaya a duniya da ya dace a ba na'ura ta yi masa fassara da busasshiyar muryarta, to wannan ne.

Kashi na biyu, na 1991, ya ɗan fi samun sauƙi, saboda a nan Arnold ya koma mai kare yaron, John Connor, kuma akwai raha a ainihin fim ɗin, don haka barkwancin mai fassara ya sami wurin zama. Wanda aka cuta shi ne bos ɗin, T-1000, narkakken ƙarfen nan da Robert Patrick ya fito a matsayinsa. Mutum ne siriri cikin kakin ɗan sanda, mai ladabi, yana tambayar mutane cikin natsuwa ko sun ga yaron nan, in ya tashi gudu kuma ko haki ba ka ganin yana yi. Shi ma an sa masa bakin tsiwa. Hoton dai ya fito tas, kuma har yau in ya taso daga daɓen asibitin nan mai zanen baƙi da fari sai tsigar jikina ta tashi. An kashe wa fim ɗin kusan dala miliyan ɗari, mafi tsada a lokacinsa, ya ci Oscar huɗu, kuma ba a yi asarar kuɗin ba.

Sai dai zan yi wa mai fassarar adalci a wuri ɗaya. Inda ake bayanin Skynet, wato kwamfutar da aka damƙa wa makaman nukiliyar Amurka, ta farga da kanta a ranar 29 ga Agusta 1997, aka yi yunƙurin kashe ta, ita kuma ta harba makamai Rasha don ta san Rasha za ta rama ta hallaka maƙiyanta na gida, a nan ya ajiye wasa ya yi bayani dalla-dalla. Maiɗakina, wadda ba ta damu da fina-finan Turawa ba, a nan ta ajiye abin da take yi ta ce, "To su wa ya aike su ba ta makullin?" Tambayar da fim ɗin ke yi ke nan, kuma da Turanci ne ba za ta kai gare ta ba. Ita ranar ta zo ta wuce lafiya lau. Abin da na'ura ta yi a 1997 ɗin shi ne, a watan Mayu, kwamfutar IBM mai suna Deep Blue ta doke zakaran duniya Garry Kasparov a wasan dara na Turawa.

Inda fassara ta zauna daram shi ne fim ɗin Chitti, wato Enthiran na 2010, wanda Shankar ya ba da umarni, Rajinikanth ya fito a matsayin masanin kimiyya Vaseegaran da kuma Chitti, mutum-mutumin da ya ƙera. Fim ne na Tamil, kuma fina-finan kudancin Indiya dama can da surutu da raha da kuka aka gina su, to mai fassara ya sami filinsa. Abin sha'awa, kamfanin da ya gaji aikin Stan Winston, mutumin da ya ƙera ƙwarangwal ɗin ƙarfen Terminator, shi ya yi aikin mutum-mutumin Chitti. Uwa ɗaya ke nan, tarbiyya daban.

A wannan fim ɗin ne na ga wurin da ya fi tsaya mini a rai cikin duk abin da na saya. Gobara ta tashi a wata unguwa, Chitti ya shiga wuta yana fito da mutane ɗaya bayan ɗaya, 'yan jarida na ɗauka, mai shi na ta murna don ga dama ta samu ya nuna wa duniya amfanin abin da ya ƙera. Sai ya tarar da wata yarinya a banɗaki tana wanka. Tana roƙonsa kada ya fitar da ita haka, shi kuwa abin da aka koya masa shi ne ceton rai, ya sungume ta ya dire gaban jama'a da kyamarori. Vaseegaran ya yi sauri ya rufe ta, amma aikin gama ya gama. Yarinyar ta ruga a guje don kunya, babbar mota ta take ta. Chitti ya tsaya bai gane laifinsa ba, ai shi ya cece ta. A nan mai fassara, ikon Allah, ya rage murya ya bar hoton ya yi aikinsa. Ɗakinmu ya yi tsit. Babu Bahaushen da ke buƙatar a yi masa bayanin abin da na'urar nan ta kasa ganewa.

Irin wannan ciwon ne ke cikin I, Robot na 2004, wanda shi babu fassararsa a shagon. Will Smith ya fito ɗan sandan Chicago a shekarar 2035 wanda ya tsani mutum-mutumi, kuma dalilinsa ba na banza ba ne. Sun yi haɗari, motoci biyu suka faɗa ruwa, wani mutum-mutumi ya shigo ceto. Ya lissafa cewa shi ɗan sandan yana da kashi 45 cikin ɗari na rayuwa, 'yar yarinyar da ke ɗaya motar kuma kashi 11, sai ya ciro babban ya bar yarinyar, alhali shi babban yana ta nuna masa ita. Lissafin babu kuskure. Ni a ganina waɗannan wurare biyu sun fi duk harbe-harben Skynet ban tsoro, domin babu na'urar da ta yi tawaye a cikinsu, kowacce ta yi daidai abin da aka ɗora ta a kai. Sauran fim ɗin kuwa gudu ne da tsalle da tallan takalmi da mota, a kalla a wuce.

Rabin ƙarshe na Chitti ma haka ne. Bayan an koya masa ji da so, ya kamu da son budurwar mai shi, wato Aishwarya Rai, aka sassare shi aka zubar a bola, mugun farfesa ya tsince shi ya sa masa jan guntu, daga nan sai hauka. Ɗaruruwan Chitti suna haɗuwa su zama ƙwallo, su zama maciji, su zama ƙaton mutum. Hankali ba ya ɗauka, amma ido na jin daɗi, kuma a nan surutun mai fassara bai ɓata komai ba. Kwafin shagon an yanke masa wasu waƙoƙi, har da wadda aka ɗauka a Machu Picchu ta ƙasar Peru. Masu son kiɗan A. R. Rahman za su ji haushi, masu kallo da iyali za su ce gara haka, fim ɗin dama ya doshi awa uku.

Maganar iyali ta tuna mini: Terminator na farko marar fassara ba a yanke masa komai ba, akwai tsiraici a ciki da jini sosai, ba na yara ba ne. Yaron shagon bai faɗa mini ba, kuma ya kamata a ce yana faɗa. Kwafin da ke da fassara kuwa an tsabtace shi.

Wanda ban ba da shawarar a saya ba shi ne kwafinsu na 2.0, ci gaban Chitti da ya fito a 2018, inda Akshay Kumar ya fito masanin tsuntsaye da ya dawo ɗaukar fansa a kan wayoyin salula, wayoyin mutanen Chennai suna fizgewa daga hannu suna tashi sama. Kwafin dishi-dishi ne, kuma murya tana riga baki da kusan daƙiƙa biyu. Shi yaron ya gargaɗe ni, ni na ce ya tura. Ya ce in ya sami mai kyau in kawo memorin ya sauya mini ba sai na ƙara kuɗi ba.

Don haka in za ka je, karɓi Chitti da fassara, karɓi Terminator na farko ba fassara ko da Turancinka bai nuna ba, tunda maganar ba ta da yawa, na biyun kuma duk wanda ka samu. Ka tafi da memorinka ko fulash, don nasu na sayarwa ba su da tabbas, ka kuma sa yaron ya gyara sunayen a gabanka. Da yamma bayan La'asar layin yana da tsawo, 'yan makaranta da masu neman fina-finan Indiya masu dogon zango sun cika bencin. Da hantsi babu kowa, in dai akwai wuta.