Shagon tura waƙoƙi a Agege da ya san Dr. Alban

Akwai wani ɗan shago a Agege ta Legas, daf da layin dogo, inda ake tura waƙoƙi a waya da filashi. Yawancin yaran da ke wannan sana'a, ka ce musu kana son tsofaffin waƙoƙin disko, sai su cika maka kati da tarkace. Wannan yaron daban ne. Ce masa na yi, "Ƙanena, Dr. Alban nake nema, tun na farko-farkonsa." Bai ko ɗaga kai daga kwamfuta ba ya ce, "Baba, Hello Afrika ke nan," ya saka mini a lasifika in ji kafin in biya.

Gangunan nan suna tashi na san ita ce. Ita ce waƙarsa ta farko, ta fito a 1990, shi da wata mawaƙiya Leila K. Shi Dr. Alban ɗan Oguta ne ta Jihar Imo, karatun likitan haƙori ya kai shi Suwidin, yana haɗawa da sa faifai a gidan rawa da dare don ya samu na kashewa. Can ya gamu da Denniz Pop, wanda ya haɗa masa kiɗan, shi ne kuma daga baya ya yi wa ƙungiyar mawaƙan Suwidin Ace of Base aiki. Waƙar ta kai ta ɗaya a Ostiriya, ta shiga goman farko a Jamus, alhali mai ita ba wata murya gare shi ba, magana kawai yake jerawa a kan kiɗa, da harshensa na ɗan Najeriya ko gyara babu. Ni a ganina abin da ya sayar da ita ke nan. Waƙarsa It's My Life ta 1992 ta fi ta kasuwa nesa ba kusa ba, har ta biyu ta kai a Ingila, amma salon Turawa ya fi yawa a kiɗanta, gangar ta ragu.

Sautin da ya tura mini garau yake. A cunkoson Oshodi na ƙure rediyon mota, ƙofa na rawa amma ba ƙara. Wata waƙar tasa, No Coke, ma haka.

Inda ya ɓata mini rai: cikin sauran waƙoƙin da ya ƙara mini kyauta akwai waɗanda wani DJ ke ta kururuwar sunansa a tsakiya, daidai inda kiɗa ya yi daɗi. Filashin da yake sayarwa ma na arha ne, nawa ya fara gardama tun bai yi wata ba. Ka je da naka, ka kuma gaya masa tun farko ba ka son mai surutu a ciki. Da safe ya fi, don in aka ɗauke wuta janareton maƙwabcinsa ba zai bar ka ka ji abin da kake saye ba.