Asibitin likitan iyali da muke zuwa a Bukuru, abin da na gani cikin shekara uku

Tunda ƙawata ta tambaye ni ina muke kai Baba yanzu da kumburin ƙafarsa ya sauka, kusan mutum biyar suka sake min irin wannan tambayar, shi ne nace bari kawai in zauna in rubuta komai yadda yake, mai daɗin da mara daɗin, kowa ya auna da kansa. Ba zan kama sunan asibitin ko na likitan ba, saboda akwai wuraren da zan yi ƙorafi kuma bana so ya zama kamar tonon silili.

Ƙaramin asibitin kuɗi ne a nan cikin Bukuru kusa da Jos, gida ne ma aka mayar asibiti. Ɗakin ganin likita ɗaya, ɗakin allura, ɗan ƙaramin lab, sai gadaje shida a baya na waɗanda za a riƙe a ƙara musu ruwa. In kika ga ginin daga waje wallahi ba zai burge ki ba. Mu ma ba gini ne ya kai mu ba, wahala ce ta kai mu.

Baba ya haura saba'in, ya yi aikin kuza tun yana saurayi, gwiwoyinsa sun gaji, ga hawan jini da ya daɗe yana fama da shi. Shekara da shekaru in jiki ya motsa kemis ake zuwa, ko a je wani wuri a ɗebi jini a dawo da takarda ace taifot da maleriya, a yi allurai kwana uku a dawo gida, bayan wata biyu a koma a sake jin taifot da maleriya. Har muka haddace. To ranar da na fara kai shi wurin wannan likitan, bayan ya gaishe shi ya tambaye shi gida da iyali, ya auna jini ya ga ya kai 180 bisa 100, ya danna ƙafar da yatsa wurin ya lotsa bai dawo ba, sai ya juyo yace min, Malama dan Allah gobe ki kwaso min duk wani magani da ke ɗakin Baba, har wanda ya ƙare kar ki yar da kwalin, har na gargajiya. Naji abin wani iri don ban taɓa jin likita ya nemi haka ba.

Washegari na zo da baƙar leda cike. Ya share teburinsa ya zazzage ta, ya dinga ware su kashi-kashi da bayan biro yana tambaya, Baba wannan sau nawa kuke sha, wannan wa ya ba ku, wannan kafin abinci ne ko bayan abinci. Baba yana amsawa yana ɗan jin nauyi. Ashe diclofenac yake sha kullum safe da dare don ciwon gwiwa, sama da shekara biyu, ga wani ƙullin haɗe-haɗe na kemis da ake ƙulla ƙwayoyi huɗu biyar a farar leda babu suna babu komai, shi kuma maganin hawan jinin sai ranar da kai ya yi ciwo yake tunawa da shi. Likita bai yi faɗa ba ko kaɗan, kujerarsa ya jawo kusa da Baba yace, Baba wannan na gwiwar yana kashe zafin ciwo amma yana cin ƙoda a hankali kuma yana ƙara hawan jinin, shi kuma wancan da kuke ajiyewa shi ne ake sha kullum ko da lafiya lau kuke ji. Baba ya yi shiru can yace, Likita ai ba wanda ya taɓa gaya min. Ni kam sai da naji hawaye, don gaskiya ya faɗa, ba wanda ya taɓa zama ya gaya masa, har da mu 'ya'yansa da muke sayo masa maganin da hannunmu.

Anan ne zan zo kan ainihin abin da ya sa nake yaba wurin nan. Da sakamakon gwajin ƙoda ya fito ya ga abin da ake kira kiriyatinin ya hau, bai riƙe mu ba. Wani wurin da sai a ba ku gado a jera ledojin ruwa kwana biyar ana rubuta kuɗi. Shi cewa ya yi wannan ya wuce aikina ni kaɗai, sai likitan ƙoda ya gan shi, zan tura ku JUTH, asibitin koyarwa na jami'ar Jos, can Lamingo. Ya zauna ya rubuta takardar turawa shafi guda cif, ba irin layi biyun nan na a duba a taimaka ba. Ya sa shekarun Baba, awon jininsa na sati uku a jere, sunan duk magungunan da ya zazzage a tebur da tsawon lokacin da aka sha su, sakamakon gwaji da kwanan wata, da abin da shi ya riga ya canza. Sannan a gabanmu ya ɗaga waya ya kira wani abokin aikinsa a can ya tambayi ranar da masu ƙoda suke ganin marasa lafiya, ya rubuta mana a bayan ambulan ɗin, yace ku fita da sassafe ku bi ta Sakateriya ku wuce Biritish kafin hanya ta cika.

Wanda bai taɓa shiga babban asibiti da tsoho ba ba zai gane darajar wannan takardar ba. JUTH gari ne guda, mutane daga ko'ina a Filato har da Bauchi da Nasarawa da kudancin Kaduna nan suke zuwa, in ba ka san ƙofar da za ka nufa ba sai ka wuni kana zagaye da mara lafiya. Mu da takardarmu muka je, likitan da ya gan mu ya karanta ta har ƙarshe yana gyaɗa kai, bai sake tambayarmu labarin daga farko ba, kawai ya ɗora daga inda aka tsaya. Da muka dawo Bukuru kuma likitanmu ya karɓi bayanin da suka rubuto ya maƙala a fayil ɗin Baba, yanzu can muna zuwa jefi-jefi ne, awon jini da duba magani na wata-wata duk anan gida ake yi, Baba baya shan wahalar mota.

Na taɓa tambayarsa wai shi likitan me ne takamaimai, don naga yara yana gani, masu ciki yana gani, tsofaffi yana gani. Ya yi murmushi yace likitan iyali, kuma shi ma fanni ne da ake karanta bayan an gama digirin likita da shekarar horo da bautar ƙasa, a yi wasu shekaru ana ƙwarewa a ci jarabawa kamar yadda likitan tiyata ko na mata yake yi. Yace a Jankwano ya yi nasa horon, asibitin ECWA ɗin nan da yanzu ya zama asibitin koyarwa na jami'ar Bingham, wanda dama an san shi da horar da likitocin iyali tun da daɗewa. Takardunsa suna rataye a bango har da lasisin hukumar likitoci ta ƙasa MDCN na shekarar da ake ciki, kuma ina ba kowa shawara duk asibitin kuɗin da kika shiga ki ɗaga kai ki duba wannan, ba rashin kunya ba ne, lafiyarki ce.

Fayil ɗaya ne na gidanmu gaba ɗaya, kowa da shafinsa a ciki. Amfanin haka na gan shi lokacin da Mama ta kama wani busasshen tari da ya ƙi ƙarewa, mu muna ta cewa sanyin Jos ne tunda lokacin hunturu ne, an sha zuma da citta da lemun tsami har an gaji. Ya buɗe shafinta ya ga wata biyu da suka wuce aka sa ta kan maganin hawan jini lisinopril, yace maganin nan yana sa wasu tari, amma duk da haka ya tura mu a gwada majina saboda tarin fuka, yace gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati kar wanda ya karɓi kuɗinmu. Ba tarin fuka ba ne Alhamdulillah, ya canza maganin, cikin 'yan satuttuka tari ya tafi.

Sai daren matar ƙanina. Cikin fari, wata takwas, wajen ƙarfe goma sha ɗaya ta fara ciwon kai mai tsanani tana cewa tana ganin wuta-wuta a idonta, fuska ta kumbura. Muka kai ta, nas ɗin dare ta auna jini ta kira likita a waya, cikin minti goma sha biyar sai ga shi da jallabiya da silifas. Ya duba fitsari ya ga abin da ya gani, yace wannan hawan jinin masu ciki ne kuma dab take da jijjiga, ba zan kwantar da ita anan ba don ba ni da ɗakin tiyata ba ni da kwalbar jarirai. Ya yi mata allurar farko ta hana jijjiga, ya ba ta na saukar da jini, ya rubuta lokacin da aka yi kowanne a takarda, ya kira asibitin ƙwararru na jihar Filato ya sanar da su muna hanya. Ƙanina ya so ya yi gardama saboda tsoron kuɗi da tsoron aiki, likita ya dafa kafaɗarsa yace, ɗan'uwa in matata ce yanzu zan sa ta a mota. Kafin asuba aka yi mata aiki aka ciro jaririya, yau yarinyar tana tafiya da ƙafarta.

Amma a daren nan ne kuma na ga babban gibin wurin, ba su da motar ɗaukar marasa lafiya. Maƙwabcinmu muka tayar daga barci ya kai mu a motarsa, ni ina baya ina riƙe da kanta muna bin titin Yakubu Gowon ina ta salati, kuma duk wanda ya san Jos ya san fita tsakar dare ba ƙaramin abu ba ne, ga shingayen jami'an tsaro kowanne sai an tsaya an yi bayani. Asibitin da aikinsa ya dogara da tura mutane gaba ya kamata ace yana da mota ko da ƙaramar bas ce, ko aƙalla direban da aka yi yarjejeniya da shi. Na gaya masa wannan baki da baki, yace yana sane, kuɗi ne. Na yarda amma har yanzu abin yana damuna.

Sauran ƙorafina ba su kai wannan ba amma suna nan. Talata da Alhamis da safe baya nan, yana zuwa wani babban asibiti a cikin gari inda yake duba marasa lafiya, wannan alaƙar ce ma take amfanar mu, na sani, amma ba wanda zai gaya miki a wurin yankar kati, sai kin biya kin zauna awa biyu sannan ki shiga ki tarar da wani matashin likita. Yaron yana da ladabi kuma yana ƙoƙari, sai dai bai san Baba ba, kuma Baba in bai ga likitansa ba baya buɗe baki. Takarda ɗaya a manna a ƙofa ta isa ta magance wannan. Wurin jira kuma baranda ce a buɗe da bencina, a watan Disamba da Janairu iskar nan tana shiga har ƙashi, tsofaffi na zaune suna rawar ɗari, sai da na koma zuwa da bargo da flas ɗin shayi. Banɗaki ɗaya ne maza da mata. Sau ɗaya fayil ɗinmu ya ɓace kusan awa guda ana nema, yarinyar da ke wurin kati kuma ta ɗaga min murya kamar ni na ɓatar, daga baya dai ta ba ni haƙuri.

Layin yana da tsawo saboda likitan baya sauri, mutum ɗaya sai ya ɗauki minti ashirin. In kina waje abin yana ƙona rai, in kika shiga kuma ba kya so a hanzarta ki, to wannan ban san yadda zan yi ƙorafi a kai ba.

Maganar kuɗi, ganin likita da sauƙi idan aka kwatanta da asibitocin kuɗi na cikin Jos, amma magungunan kantinsu sun fi na waje tsada. Abin da na ji daɗi shi ne baya tilasta ki saya a wurinsu, zai rubuta miki ainihin sunan maganin ba sunan kamfani ba yace ki duba a babban kantin magani mai rajista, kar dai ki saya a tire ko a mota. Suna karɓar inshorar lafiya ta tarayya NHIA, ni da ita nake amfani ta wurin aiki, kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani nake biya. Sai dai in za a tura ki babban asibiti a ƙarƙashin inshora sai an jira lambar izini daga kamfanin da ke kula da ku, namu ya taɓa riƙe mu kwana biyu, likitan da kansa ya dinga kiransu har suka turo. Masu katin inshorar lafiya ta jiha PLASCHEMA ku fara tambaya a wurin kati kafin ku zauna layi. Suna da POS kuma suna karɓar tiransfa, in an ɗauke wuta janareto sai dare suke tayarwa ko in akwai wanda ke kan gado.

In za ki kai tsoho, ki je Litinin ko Laraba kafin ƙarfe takwas, ki tafi da ledar magungunansa gaba ɗaya da duk wata tsohuwar takardar gwaji ko ta yage. Mu yanzu Baba yana da ɗan littafi mai bango ja da likita ya sa muka saya, jikarsa ce take auna shi da na'urar gida bayan sallar asuba ta rubuta, shi kuma ya sa littafin a aljihun babbar rigarsa ranar zuwa asibiti ba ya yarda kowa ya riƙe masa. Laraba mai zuwa ne ranarmu, awon safiyar yau 134 bisa 82.